Yadda Ake Gane Giyar Asali A Jikin Tsohuwar Peugeot

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa daga shekarun 1970 zuwa na 1990 ya san babu motar da ta yi wa mutanen Nijeriya bauta kamar Peugeot, wadda mutanenmu ke kira Fijo. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce ta haya daga Ikko zuwa Kano, kuma akori-kurarta ce ke kwaso goro daga ƙauyuka zuwa kasuwar Shagamu. A yau ta ja baya, motocin Japan sun cika tashoshi. Amma ba ta ƙare ba. Har yanzu ana ganin akori-kura 504 tana dakon kaya a kasuwannin ƙauye, akwai kuma gidajen da suka ajiye 404 ko 504 ta mahaifinsu ba su yarda su rabu da ita ba, ga kuma masu sha'awar tsofaffin motoci a gida da waje waɗanda ke neman mai lafiya ido rufe.

To, a nan ne ake cutar mutane. Fenti yakan rufe tsufa, a wanke inji da kananzir ya yi ƙyalli, a ɗinke kujeru su koma sababbi. Wurin da mai saye bai cika leƙawa ba shi ne ƙarƙashin mota, inda giyabos yake tare da sandunan da suka haɗa shi da hannun direba. Alhali kuwa nan ne tarihin motar yake a rubuce. Wanda ya iya karanta shi zai san ko kayan da kamfani ya ɗaura ne ke jikinta, ko kuwa haɗe-haɗen da bakanikai goma suka yi cikin shekara 40. Bambancin kuɗi tsakanin biyun ba kaɗan ba ne, haka kuma bambancin lafiya, domin motar da giya ke kuɓuce mata a gangare da kaya a bayanta tana iya salwantar da rai.

Maganar ta shafi wasu mutanen kuma. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Kudu sana'ar gwangwan suke yi, kuma ta hannunsu ne gawarwakin waɗannan motoci ke bi. Sau da yawa akan farfasa giyabos lafiyayye a auna shi a sikeli, ya ƙare a wurin masu narka tukwane, alhali ga wani can yana yawon nemansa kasuwa-kasuwa.

Daga Sochaux zuwa Kakuri

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 404 a 1960, sa'an nan ya fito da 504 a watan Satumba na 1968, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. Babbar masana'antarsa tana garin Sochaux. An ƙera 504 fiye da miliyan 3 a duniya, kuma sunanta ya daɗa fita a Afirka sa'ad da ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975.

A cikin wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Da yake a lokacin tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe, sai aka riƙa ɗauko kayan ta jirgin sama daga garin Liyon na Faransa zuwa Kano, daga nan manyan motoci su kai su Kaduna. Ma'anar wannan ita ce giyabos ɗin da ke jikin 504 'yar Kaduna ta wancan zamani jininsa ɗaya da na 'yar Faransa, bai kamata dillali ya rage masa daraja don an ɗaura shi a gida ba. Turai ta daina ƙera 504 ƙaramar a 1983, Kenya ta ci gaba har 2004, Kaduna kuwa ita ce ta yi ta ƙarshe a tsakiyar shekarun 2000. Saboda haka 504 mafi ƙuruciya a ƙasar nan ta kai shekara 20 ko kusa da haka, kuma da wuya a sami wadda ba a taɓa kwance mata giya ba.

A fara da farantin shaida

Kafin a shiga ƙarƙashin mota sai a buɗe bonet a nemi ɗan farantin ƙarfe da kamfani ya kafe a jikin bodi, mai ɗauke da irin motar da lambarta. Shi ne takardar haihuwarta. A motocin da aka ƙera a Faransa, harafin da ke bin 504 yana faɗin siffar bodi: A ƙaramar mota ce mai ƙofa huɗu, D wagon ce, F kuwa ita ce wagon ta iyali mai layin kujeru uku wadda direbobin dogon zango suka fi so. Lambobin da ke biye suna faɗin inji da giya. Alal misali, A11 mota ce mai injin fetur lita 2 da giyar hannu, A13 kuwa injin ɗaya ne amma da otomatik aka haife ta. Idan faranti ya ce A13, ga shi kuma motar tana da kuloci, to an yi mata sauyi, ko da mai ita ya rantse da abin da zai kashe shi.

A kuma dubi ƙusoshin da suka riƙe farantin. Idan sababbi ne, ko an ga alamar an ɓamɓare shi an mayar, sai a gwada lambarsa da wadda aka buga a jikin shasi da ta takardun mota. In ukun nan ba su zo ɗaya ba, maganar ta wuce ta giya, ta zama ta hukuma, gara mutum ya ja da baya.

Giyabos iri nawa ne?

Mai neman na asali dole ya san sunayen. Tsofaffin 404 na farko suna ɗauke da giyabos mai suna C3. Direbobin da suka tuƙa shi suna tuna shi da tsarinsa na daban: giya ta 1 da ribas suna layi ɗaya, ta 2 da ta 3 suna layi ɗaya, ta 4 kuwa tana can ita kaɗai. Wajen ƙarshen 1967 kamfanin ya sauya shi da wani sabo mai suna BA7, wanda ya zo da tsarin da kowa ya sani yanzu, watau 1 da 2 a layi ɗaya, 3 da 4 a layi ɗaya. Don haka in aka kawo 404 aka ce ta 1964 ce, amma giyarta tana shiga irin ta 504, to ko dai an sauya giyabos, ko kuma shekarar ce ba gaskiya ba.

Wannan BA7 shi ne ya zama giyabos ɗin 504 tun farkonta, kuma shi ne mafi yawa a ƙasar nan. Akwai mai giya 4, daga baya aka yi mai giya 5. Akwai kuma babban yayansa mai suna BA10, wanda aka yi don injuna masu ƙarfi kamar na 604 da wasu 505. Da 505 ta fito a 1979, sai kayanta suka zama abin aro ga masu 504, domin suna kama da juna ƙwarai. Yawancin giya 5 da ake gani a jikin 504 ta shekarun 1970 daga 505 aka ciro ta. Wannan ba laifi ba ne ga mai neman sauƙin fetur a doguwar hanya, amma laifi ne a sayar da ita da sunan haka ta fito daga kamfani.

Otomatik kuwa ba Peugeot ne ya ƙera shi ba. Na kamfanin ZF ne na ƙasar Jamus, mai giya 3, na farko 3HP12, na baya 3HP22, kuma yana da nasa farantin a gefe mai ɗauke da sunan kamfanin da lambarsa. Motar da aka haifa otomatik tana da faffaɗan abin taka birki. In an mayar da ita giyar hannu, akan ga hujin da aka yi wa tukunyar man kuloci da hannu, gefensa ba sumul ba.

Abin dubawa a jikin giyabos

Jikin BA7 na alminiyam ne, kuma kashi-kashi yake. Daga gaba akwai ƙoƙon da ya rufe kuloci ya manne da inji. A tsakiya akwai cikin, wanda ɓari biyu ne, dama da hagu, da aka haɗa a tsaye kamar ɓawon gyaɗa. Daga baya kuma akwai wutsiya, inda furofela ke shiga. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ɓarin nan biyu tare aka sassaƙa su a masana'anta, domin mazaunin boris ya zo daidai. Miji da mata ne. Idan ɗaya ya fashe aka ɗauko na wani giyabos aka haɗa, zai rufu, amma boris ba zai zauna daidai ba, kuma ba za a daɗe ba sai kuka da yoyo su fara. Ana gane wannan auren dole da ido: launin ɓari ɗaya ya fi na ɗayan duhu, ko kuma in aka shafa yatsa a kan layin haɗin a ji tudu.

Sai lambobi. Iri biyu ne, kuma 'yan kasuwa sukan rikita mai saye da su. Akwai lambar da ta taso sama daga jikin ƙarfen, wadda aka zuba tare da shi. Wannan lambar ma'aunin zubi ce, dubban giyabos suna da irinta, ba ta nuna wannan na wace mota ne ba. Akwai kuma wadda aka buga da guduma ta nutse ciki, a wani wuri mai laushi da aka share dominta. Ita ce shaidar wannan giyabos shi kaɗai. A goge wurin da tsumma da fetur a duba. Idan an ga sawun zarto ko dutsen niƙa, ko haruffan sun hau juna, wasu manya wasu ƙanana, to hannu ya taɓa ta.

Hoton zaki, alamar kamfanin, yakan fito a jikin kayan zubi da yawa. Ganinsa a jikin ƙarfe shaida ce mai kyau. Ganinsa a jikin kwali ko leda kuwa ba komai ba ne, domin duk mai injin ɗab'i yana iya buga zaki.

Akwai wata shaida da bakanikan da suka ƙware a Fijo suka fi dogara da ita, watau ƙusoshi. Faransawa suna yawan amfani da ƙusa mai kaurin milimita 7, wadda sifana lamba 11 ke kama kanta. Motocin Japan kuwa lamba 10 da 12 da 14 suka fi amfani da su. Ƙusa mai lamba 11 tana da wuyar samu a kasuwa, don haka bakanike in ya ɓatar da ita sai ya faɗaɗa ramin ya cusa wata. Giyabos ɗin da ƙusoshin layi ɗaya suka zo iri ɗaya, kawunansu ba su cinye ba, bai sha kwancewa ba. Wanda kuwa kowace ƙusa da tata sifanar, ga jan gam ko shuɗi ya tsattsafo daga kowane layin haɗi, ya ga duniya.

Daɗin daɗawa, ƙoƙon kuloci na injin fetur daban yake da na dizal. Injin fetur na 404 da 504 a kishingiɗe yake, ya karkata digiri 45, na dizal kuwa bai karkata haka ba. Wanda ya sayi giyabos a ƙasa bai duba wannan ba yana iya kai shi gareji ya tarar ramuka ba su hau ba.

Gwajin alli

Idan giyabos yana ƙasa a shago, akwai gwajin da ba ya bukatar komai sai guntun alli. A yi alama a sandar gaba, wadda ke shiga kuloci, a yi wata a ta baya, wadda ke juya furofela. A sa giya ta 4 a juya ta gaba da hannu. Ya kamata su juya tare, zagaye ɗaya da ɗaya. A sa ta 1: sai ta gaba ta zaga fiye da sau 3 da rabi kafin ta baya ta zaga sau ɗaya. Idan an ce mai giya 5 ne, a sa ta 5, a nan ta baya ce za ta riga ta gaba cika zagaye. A ribas kuma ta juya baya. Ta haka mutum zai tabbatar kowace giya tana shiga, ya kuma ji da hannunsa in akwai inda ke cijewa ko gurzawa.

Yana da kyau a rubuta lissafin a gwada da na tsohon giyabos ɗin da za a cire, domin ba duk BA7 ne lissafin haƙoransu ya zo ɗaya ba. Haka nan ɗan haƙorin roba da ke cikin wutsiya, wanda ke juya wayar agogon gudu, an daidaita shi ne da aksul na baya na motar da ya fito daga cikinta. Motar da agogonta ke cewa 100 alhali 85 take yi, sau da yawa giyabos ɗin baƙo ne.

A girgiza sandar gaba sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in tana rawa, boris ya tafi. A kuma kwance ƙusar zubar da mai a tara abin da ya fito a farin kwano. Ƙura mai laushi kamar kwalli al'ada ce ga tsohon ƙarfe. Gutsattsarin da yatsa ke ji kuwa haƙori ne ya karye.

Sandunan giya

Kowace giyar hannu aiki biyu take yi. Na farko zaɓen layi, watau motsin da direba ke yi sa'ad da liba take a firi. Na biyu shigarwa, watau tura giyar cikin mazauninta. A jikin Peugeot kowane aiki da sandarsa, kuma kowace sanda tana ƙarewa da ɗan ƙoƙo mai robar nailan a ciki, wanda ke hawa kan ƙwallon ƙarfe kamar gwiwa. Waɗannan sanduna suna waje, suna shan ƙura da ruwa da zafin inji, don haka su ne suka fi saurin lalacewa, su ne kuma aka fi yi wa jabu.

Sandar asali tana da alamomi. Lanƙwasarta sumul take, domin inji ne ya lanƙwasa ta a sanyi. Ta gareji da wutar walda ake gasa ta, sai wurin ya bar launin shuɗi ko baƙi, kuma ya yi saurin tsatsa. Ta asali an shafe ta da wani farin ruwan ƙarfe ko mai ɗorawa-ɗorawa don hana tsatsa, kuma ko bayan shekaru akan sami ragowarsa a ƙarƙashin datti. Zaren da noti ke hawa ma yana magana: na masana'anta murza shi aka yi, sai ya ɗan fi jikin sandar kauri, na gareji kuwa yanka shi aka yi, sai ya zo daidai da sandar ko ya gaza ta. Sandar da ake iya ƙara wa tsawo tana da notin kullewa. In aka ga an ɗiga walda a madadinsa, an kashe hanyar gyara ke nan. Ba abin mamaki ba ne a tarar da rodin gini a wannan wuri, ko a ga an ɗaure gwiwa da waya ko da yankin tiyub don kada ta fice.

Gwajin yana da sauƙi, mutum biyu ya ishe shi. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa waigi a taya. Ɗaya ya zauna yana motsa liba a hankali, ɗayan yana kallo daga ƙasa. Da zarar liba ta motsa ya kamata hannun da ke jikin giyabos ya motsa. Duk inda aka ga sanda tana tafiya amma na gaba da ita yana tsaye, nan ne ciwon yake. Direbobi da yawa sun biya kuɗin sauke giyabos gaba ɗaya saboda giya ta 1 ko ribas ta ƙi shiga, alhali ƙoƙon roba guda ne ya cinye. Kafin a yarda a sauke giyabos, a fara duba sanduna.

Giyar sitiyari da giyar ƙasa

Ita 404 a jikin sitiyari libarta take, haka ma 504 ta farko. Daga baya ne aka mayar da ta ƙananan motoci ƙasa, tsakanin kujeru, amma akori-kura ta daɗe da giyar sitiyari, domin kujerarta doguwa ce ta mutum uku. Da yake giyar sitiyari tana da gwiwoyi da yawa kuma daidaita ta sai gwani, bakanikai da dama sun gwammace su mayar da ita ƙasa. Ana gane wannan in aka ɗaga shimfiɗar ƙasa. Ramin kamfani gefensa a naɗe yake, da mazaunin robar da ke tare ƙura. Ramin gareji da wuta ko kurfi aka yanke shi, baki-baki, wani lokaci an toshe gefen da tsumma. A jikin sitiyari kuma akan tarar da hujin da tsohuwar liba ta bari a murfi, ko guntun sandar a yanke.

Akwai kuma abin da ya shafi tarihin ƙasarmu. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, motoci kuma sitiyarinsu yana dama. Bayan an koma hannun dama, an juya wa motoci da yawa sitiyari a gareji. Ga motar da libarta ke jikin sitiyari, juya shi yana nufin sai an sake dukkan sandunan giya, domin na mai sitiyarin dama ba sa hawa mai sitiyarin hagu. Wanda ya sami cikakken kayan kamfani ya huta, wanda bai samu ba sai aka yi masa ƙira. Saboda haka duk 404 da aka sayo sabuwa a nan kafin 1972, in sitiyarinta yana hagu yanzu, a duba bangon da ke tsakanin inji da direba, za a ga tsohon ramin a toshe. Ghana ta yi irin wannan sauyi a 1974. Kenya kuwa har gobe a hagu take tuƙi, don haka sandunan giyar sitiyari na motocinta ba su yi wa namu.

A ƙarshe a bi furofela da kallo. A waɗannan motoci tana tafiya ne cikin wani bututun ƙarfe wanda ya haɗa wutsiyar giyabos da aksul na baya. Idan an ɗaura giyabos ɗin da tsawonsa ya bambanta da na asali, mai aikin kirki yakan nemo bututu da furofelar da suka dace. Mai aikin gaggawa sai ya yanke ya haɗa da walda. Zoben walda a tsakiyar wannan bututu shaida ce ba ta ƙarya, kuma yakan zo da rawar jiki in mota ta ɗauki gudu.

Harshen kasuwa

Wanda zai shiga Ladipo ko Owode Onirin a Ikko, ko Agodi Get a Badun, ko Mgbuka Obosi kusa da Anaca, ko kuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano in ya je gida, ya kamata ya rarrabe kalmomi uku. Folo-kom shi ne abin da ya zo tare da motar daga kamfani. Tokumbo ko Beljiyam shi ne wanda aka ciro daga wata mota a Turai, na asali ne amma ya yi aiki. Sai sabo na kwali, wanda a cikinsa akwai na kirki akwai kuma jabu, wanda aka daɗe ana kira Taiwan ko da ba can aka yi shi ba. Tun da an daɗe da daina ƙera motar, mutum ya yi hattara da duk wanda ya ce yana da sabon kayan kamfani tuli a shago.

Lambar kayan Peugeot na wancan zamani tana da tsari: lambobi huɗu, ɗigo, sa'an nan biyu. Biyun farko suna faɗin dangin kayan. Waɗanda suka fara da 20 na kuloci ne, 23 na haƙoran cikin giyabos, 24 kuwa na liba da sandunanta. Ledar da ke ɗauke da sandar giya amma lambarta ta fara da wani abu daban, an sake mata kaya. Sunayen masu ƙera wa Peugeot kaya ma suna taimakawa wajen gane shekaru. Alal misali, kamfanin kuloci na Faransa da a da ake kira Ferodo bai ɗauki sunan Valeo ba sai a 1980, don haka kuloci mai wannan suna ba zai zama folo-kom na motar 1976 ba, ko da yake kaya ne mai kyau.

Hanya mafi tsira ita ce mutum ya tafi kasuwa da tsohon a hannu, ya ajiye su gefe da gefe, ya gwada tsawo, lanƙwasa, nauyi da ramuka. Kuma a yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida kafin kuɗi su fita daga aljihu. Rigakafi ya fi magani.

Mai da gwajin hanya

Wani abin da ke kashe giyabos na asali shi ne mai. BA7 baƙin mai irin na inji kamfani ya rubuta masa, lita 1 da 'yan kai. Bakaniken da ya saba da manyan motoci sai ya ɗura masa mai kauri lamba 90 ko 140, da nufin kashe kuka. Sakamakon shi ne giya ta yi tauri da safe, direba ya riƙa danna ta da ƙarfi, zobban da ke daidaita gudun haƙora su cinye, sandunan waje ma su sassauta. Warin man kawai ya isa ya faɗi wanda aka zuba, domin mai kaurin yana da ɗoyi irin na farar wuta.

In an fita gwaji, a fara da sanyin inji. A sauko daga ta 3 zuwa ta 2 a saurara ko za ta yi ƙara. A sami gangare a sa ta 3 a ɗaga ƙafa daga totur, a ga ko liba za ta yi tsalle ta koma firi. A tsaya a firi a taka kuloci a saki: kukan da ke ɗaukewa in an taka ya dawo in an saki, daga boris na cikin giyabos yake.

Kira ga masu mota da 'yan gwangwan

Ga mai mota, in bakanike ya sauya masa wani abu, ya karɓi tsohon ya ajiye. Sandar asali da robarta ta cinye ana iya sake mata roba ta koma aiki, kuma ko ta mutu ita ce ma'aunin da za a gwada wata da shi. Ranar da za a sayar da motar, kwandon tsofaffin kayanta na asali yana ƙara mata daraja a idon wanda ya san abin da yake saye.

Ga 'yan gwangwan kuwa, in gawar 404 ko 504 ta faɗo hannunku, kada a yi saurin ɗaga guduma. A kwance liba da sandunanta da maƙalansu gaba ɗaya, a ɗaure su wuri guda da notinansu, musamman na giyar sitiyari, domin su ne suka fi ƙaranci. A yi wa giyabos gwajin alli, in ya ci, a toshe bakinsa da leda a ajiye shi a inuwa, a kai labari layin masu kayan Fijo. Alminiyam ɗin tukunya ana samunsa kullum a jikin kowace mota, amma masana'antar da ta zuba BA7 ta daɗe da tsayawa, kuma kowane ɗaya da aka narka ya rage adadin waɗanda suka saura.